Yanda ake rubuta labarin bayin fage a ƙarƙashin mulkin baƙin halittu

Irin wannan labarin kowa gani yake sauƙi gareshi, ai kawai wasu halittu ne suka zo daga wata duniya suka kame mutane suka zuba su a fage suna kashe juna, can sai jarumi ya tashi ya 'yanta kowa, shikenan. Toh gwada rubutawa ka gani. Kafin ka kai babi na shida zakaji labarin ya fara yi maka nauyi a hannu, faɗa na farko da na biyu da na uku duk kamarsu ɗaya, jinin da ka zubar a shafin farko ya razana mai karatu yanzu ko gezau baya yi, kai kanka marubucin ka fara hamma. Abinda ke riƙe irin wannan labari har ƙarshe shine tsarin da ya mayar da mutum kaya, wanda ake saye ake bada haya ake lissafin asararsa, dan haka daga nan zamu fara, takobi sai can gaba. Zan riƙa cewa "ka" dan sauƙi amma harda ke nake.

Mataki na farko, ka zauna ka amsa tambaya ɗaya kafin ka rubuta ko layi guda, me yasa waɗannan halittu suke yin wasan? Kar kace dan mugunta ne kawai, mugunta zalla bata ciyar da labari mai babi arba'in. Duba Rumawa, waɗanda su ne suka fi shahara da wannan harka. Wasan farko da tarihi ya rubuta a birnin Rum a shekara ta 264 kafin haihuwar Annabi Isa aka yi shi, kuma a wajen jana'iza, 'ya'yan wani babban mutum suka sa bayi shida suka fafata bibbiyu dan girmama ubansu da ya mutu. Daga baya abin ya koma hanyar neman suna da sayen zukatan talakawa, har ta kai Sarki Titus ya buɗe Kolosiyam, babban fagen wasa na birnin Rum, a shekara ta 80 miladiyya da wasannin kwana 100, wajen da ke ɗaukar 'yan kallo kusan 50,000. Kaga kenan abu ya fara a matsayin makoki ya ƙare a matsayin siyasa. Naka baƙin su ma ka basu dalili irin wannan, ko ibada ce a wajensu, ko caca, ko gwaji suke suna neman wace halitta ce ta fi dacewa da aikin soja, ko kuma hanyar shari'arsu ce, wato idan manyan gidaje biyu sun samu saɓani akan ƙasa ko gado maimakon su yi yaƙi sai kowa ya turo bawansa, wanda nasa ya faɗi ya rasa ƙara. Ni wannan na ƙarshen nafi so gaskiya, domin yana sa kowane faɗa yana da wani abu a bayansa da bawan bai ma sani ba, yana can yana zubar da jini akan iyakar wata gona da bazai taɓa gani ba.

Na biyu, kuɗi, kuma anan nakeso ka daɗe. Mutane da yawa sun ɗauka duk wanda ya shiga fage a zamanin Rumawa ɗaya ne ke fita da rai, alhali ba haka bane, saboda mayaƙi dukiya ne, an saye shi an ciyar dashi an horar dashi shekara da shekaru. Mai gidan horon, wanda suke kira lanista, hayarsu yake bayarwa ga mai shirya wasa. Wani masanin shari'arsu mai suna Gaius ya kawo misalin yarjejeniya irin wannan, dinari 20 akan kowane mayaƙin da ya fito lafiya a matsayin ladan guminsa, dinari 1,000 akan wanda aka kashe ko aka nakasa. Ninki hamsin kenan. Yanzu ka ɗora kanka a kujerar mai shirya wasan, 'yan kallo suna ihu a kashe a kashe, shi kuma yana lissafin aljihunsa, ran mutum yana lilo tsakanin ihun jama'a da rowar attajiri. Akwai dutsen kabarin wani mayaƙi ɗan Siriya da ake kira Flamma, an rubuta ya yi faɗa 34, ya ci 21, an yi kunnen doki 9, sau 4 ya sha kaye aka bar shi da ransa, ya mutu yana ɗan shekara 30. Kuma likitoci ake ɗaukar musu na gani na faɗa, shahararren likitan nan Galen aikin da ya fara fito dashi kenan, duba mayaƙan fage a garin Pergamon, sannan ƙasusuwan da aka tono a maƙabartar mayaƙa a Afisa cikin Turkiyya a 1993 sun nuna raunuka da suka warke sumul, alamar an kula dasu sosai.

Me zakayi da wannan a labarinka? Ka ɗauki takarda ka rubuta farashin jaruminka a kasuwar baƙin, nawa ake bada hayarsa, nawa ake biya idan ya mutu, waye ke cin riba idan ya rayu kuma waye ke cin riba idan ya mutu. Da zarar ka samu ranar da mutuwarsa ta fi rayuwarsa riba a wajen ubangidansa toh ka samu tsakiyar littafinka. Sannan ka nuna kulawar da ake masa, domin wallahi tafi bulala ban tsoro. Misali an dawo dashi hannu a ɓalle, an kwantar dashi akan tebur mai sanyi, injin yana ɗinke masa tsoka da allurai goma sha biyu a lokaci ɗaya cikin ƙwarewar da ba likitan ɗan Adam da zai iya, amma babu maganin kashe zafi, ba dan ƙeta ba, kawai dai babu shi a cikin kasafin, tunda zafin da yake ji baya rage masa farashi. Ana gamawa aka shafa wa tabon wani mai dan ya yi ƙyalli, saboda tabo yana ƙara kuɗin tikiti.

Na uku, ƙera baƙin halittun. Kuskuren da aka fi yi shine a ɗauko mutum a shafa masa koren launi a ƙara masa ƙaho ace ga baƙo. Ka fara daga gaɓoɓin jinsu, da me suke gane duniya? Ba sai ka wahalar da kanka ba, halittun da muke dasu anan ma sun isheka aro. Dorinar teku mai hannu takwas zuciya uku gareta, jininta shuɗi ne saboda tagulla ce a cikinsa a maimakon ƙarfen da ke cikin namu, kuma mafi yawan ƙwayoyin jijiyoyinta a hannuwan suke ba a ka ba. Ƙudan zuma yana ganin wani haske da idonmu baya gani. Wasu macizai suna gane zafin jikin abin farautarsu cikin duhu. Ka zaɓi ɗaya ka bi shi har ƙarshensa. Idan baƙinka zafin jiki suke gani toh fagensu bazai zama da fitila ba, cikin duhu da sanyi za'a riƙa faɗan dan jikin mayaƙa ya fito musu tar, jini mai ɗumi idan ya zuba akan ƙasa mai sanyi shine abin kallon, kuma mutum mai zazzaɓi zai fi kowa farin jini a wajensu, sai ka ga ubangida yana sa wa bayinsa ciwo da gangan daren wasa. Idan kuma ƙanshi ne harshensu toh tsoron bawa suke zuwa shaƙa, wanda ya daina jin tsoro ya zama kayan da ba mai saye. Kaga daga shawara guda ɗaya fage ya fito, kasuwa ta fito, harda matsalar jarumi.

Maganar harshe kuma kar ka tsallake ta da cewa kowa yana jin kowa. Ka basu na'urar fassara da aka dasa wa bayi a bayan kunne, amma wadda umarni kawai take fassarawa, tashi, zauna, shiga, kashe, tsaya. Duk sauran abinda iyayengijin ke faɗa a gabansu ƙara ce kawai. Ranar da wani bawa ya fara gane kalma ta shida da kansa ba tare da na'urar ba, ranar labarinka ya juya.

Na huɗu, duniyar kanta. Tunda labarin kimiyya kake rubutawa dole wurin ya taɓa jikin mutanen, amma dan Allah kar ka cika mu da lacca, doka biyu ko uku sun isa, ka riƙe su gam. Ƙarfin da duniya ke jan abu ƙasa dashi shine na farko. A duniyar Mas kashi 38 cikin ɗari ne na namu, a Wata kuma kashi ɗaya cikin shida, a irin wannan wuri mutum zai yi tsalle mai nisa amma tsayawa da juyawa zasu yi masa wuya tunda ƙafarsa bata kama ƙasa sosai, kuma sara da takobi zai iya kwashe shi kansa mai saran. Sannan jiki yana lalacewa, 'yan sama jannati da ke zama a tashar sararin samaniya suna iya rasa kusan kashi 1 cikin ɗari na ƙarfin ƙashinsu duk wata, shi yasa suke motsa jiki kullum. Ma'ana tsohon mayaƙi a duniya mara nauyi ƙashinsa ya zama kamar alli, sabon kamu da aka kawo jiya yafi shi ƙarfi, shi kuma yafi shi sanin yanda ake tafiya. Ga faɗa mai daɗi nan ba tare da ka ƙirƙiro wani makami ba.

Sai iska. Tamu kashi 21 cikin ɗari oksijin ce, idan tasu ba haka take ba toh ka samu sarƙar da tafi ta ƙarfe, kowane bawa yana da abin numfashi a wuya da ake sa masa sabon gwangwani kowace safiya, ba sai an kulle ƙofa ba ma, ka gudu mana, zuwa dare zaka dawo da rarrafe. Duk sarƙar da ka zaɓa ka rubuta wa kanka dokarta, awa nawa take yi, waye ke riƙe da mabuɗi, ina rauninta, kuma ka nuna raunin tun a babukan farko a wuce kamar ba komai ba, dan kar ranar tawaye ace ka jefo mafita daga sama. Nisa kuma yana kashe zancen komawa gida, tauraro mafi kusa da ranarmu, Proxima Centauri, haske ma sai ya yi shekara 4 da 'yan watanni kafin ya iso daga can, dan haka ko sun ƙwace jirgi ina zasu, waye ya iya tuƙa shi.

Na biyar, gidan bayin, inda rabin littafin zai faru. Ka yi masa matakai, sabbin kamu, waɗanda suka ci faɗa ɗaya ko biyu, zakaru masu ɗaki nasu su kaɗai, sai mai horarwa wanda ya kamata ya zama mutum ne ɗan'uwansu, tsohon bawa da ya tsira ya zama idon iyayengiji, ai dama ba'a mugun sarki sai mugun bafade, kuma ka bashi hujjar da mai karatu zai kusa yarda da ita, cewa duk dukan da yake musu dan su kai gobe ne. Rumawa suna da wata dabara da zaka ara, takobin katako da ake miƙa wa mayaƙin da ya yi fice alamar an sallame shi daga fage. Kaɗan ne ke samu amma kowa yana ganin shi zai samu, kuma mutumin da ke sa ran fita shi kaɗai baya shiga tawaye. Sun kuma iya haɗa makamai marasa kama da juna, mai raga da mashi mai baki uku wanda kusan tsirara yake, da mai ƙaton kwalkwali da garkuwa wanda nauyi ke gajiyarwa, ɗaya yana gudu ɗaya yana bi. Har 'yantattun mutane akwai masu sayar da kansu ga gidan horo saboda bashi ko neman suna, suna rantsuwar sun yarda a ƙona su a ɗaure su a dake su a kashe su da ƙarfe. Mata ma sun yi faɗa a fage har sai da Sarki Septimius Severus ya hana a shekara ta 200, saboda haka idan jarumarka mace ce ba wanda zai ce ka yi ƙari. Abu ɗaya da ba'a sassautawa, waɗanda suke kwana ɗaki ɗaya suna ɗaure wa juna rauni su ne gobe za'a iya haɗawa a fage, ka sa mai karatu ya san haka tun wuri ya riƙa fargaba duk lokacin da mutum biyu suka fara shaƙuwa.

Na shida, jarumin. Kar ka ɗauko soja ko gwanin faɗa, ɗauko wanda aikinsa na da zai yi amfani ta hanyar da ba'a zata ba, mai gyaran wuta, ma'aikaciyar jinya, mai lissafin kuɗi wanda zai fara gane yanda ake cacar kansu. Ka bashi buri ƙarami, kamar ya gano ko ƙanwarsa da aka kama su tare tana raye. Sai ka bashi layin da ya rantse bazai tsallaka ba, misali bazai kashe wanda ya riga ya faɗi ba, sannan ka tsara labarin yanda zuwa tsakiya zai tsallaka, da dalilin da kai ma da zaka tsallaka, wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Bayan nan kar ka wanke shi. Ka bar shi ya fara jin daɗin ihun 'yan kallo, ya kama kansa yana jiran ranar wasa, wannan shine wurin da mai karatu zai ajiye waya ya yi shiru.

Na bakwai, rubuta faɗan. Dokar da nake bi ita ce duk faɗan da za'a iya cirewa labari bai canza ba toh a cire shi. Kafin ka rubuta ka san me jarumi zai rasa ko da ya ci. Ka tsaya a cikin jikin mutum ɗaya, abinda yake gani ta ramin kwalkwali kawai, ka rage bayanin sara da kariya, ka yawaita numfashi da gumi da ƙafa. Jimloli su gajarta idan abu ya yi zafi. Ga ɗan misali:

Ƙasa ta buɗe injin ya turo ta sama cikin duhu. Sanyi ya fara kama mata haƙora. Bata ganin kowa amma tana jin su, dubbai, wannan ƙarar tasu kamar ana goga ƙarfe da ƙarfe. Gwangwanin wuyanta ya yi ƙara sau biyu, rabi ya rage, an rage mata da gangan kenan. Can gefen hagu wani ya ja ƙafa akan yashi, ja ɗaya, tsayawa, ja ɗaya. Ta san wannan tafiyar. Ita ta ɗaure masa gwiwar shekaranjiya.

Ka lura ba'a ɗaga makami ba tukuna amma an gama da mai karatu. Shi wancan injin mai turo mutum daga ƙasa ma ba ƙirƙira bace, a ƙarƙashin Kolosiyam akwai hanyoyi da ɗakuna da na'urorin ɗaga dabbobi da kaya zuwa tsakiyar fage, yashin kuma dan ya shanye jini ake zuba shi. Bayan faɗa kar ka yi tsalle zuwa gobe, ka bi wanda ya ci zuwa ɗaki, waye ya ƙi kallonsa, waye ya ɗauke bargon mamacin tun kafin gawar ta huce.

Na takwas, tawaye, in har zakayi shi. Anan ma tarihi ya fi tunaninmu. A shekara ta 73 kafin miladiyya wani mayaƙin fage mai suna Sipartakus da mutum kusan 70 suka ɓalle daga gidan horo a Capua cikin Italiya, kuma da wuƙaƙen kicin da ƙarafan gasa nama suka fita, suka haye dutsen Vesuvius, bayi suka riƙa kwararowa har suka zama dubbai, suka yi ta karya rundunonin Rum kusan shekara biyu. Amma kansu ya rabu, Crixus, ɗaya daga cikin jagororinsu, ya ware da nasa mutanen aka murƙushe su, a shekara ta 71 kafin miladiyya kwamandan Rum mai suna Crassus ya gama da sauran, aka gicciye kusan mutum 6,000 a gefen hanyar da ta tashi daga Capua zuwa Rum. Abinda zaka ɗauka anan shine fita daga keji ce mai sauƙin, rigimar tana farawa washegari, me zasu shaƙa, ina zasu nufa, wasu na son gudu wasu na son fansa, ga wasu bayin da ba mutane ba waɗanda ba'a ma jin harshensu. Ka basu nasarar da ta yi daidai da ƙarfinsu, mutum ɗari biyu basa kifar da daular da ke tafiya tsakanin taurari, amma zasu iya ƙwace injin cika gwangwani, ko su lalata wasa guda a gaban manyan baƙi yanda gidan ubangidansu zai karye da bashi, ko su fitar da yara goma sha. Kuma wani da mai karatu ke so dole ya biya kuɗin, kar ya zama wanda ka shigo dashi babi biyu da suka wuce dan kawai ya mutu.

Idan ka gama rubutun farko sai gyara. Ka buɗe fayil daban ka jera sunayen mutanenka da raunin da kowa ya samu da babin da ya same shi, domin masu karatu basa mantawa, wanda aka sare wa yatsu biyu a babi na tara kar a ganshi yana ɗaure igiya da sauri a na sha biyar. Ka yi haka da dokokin duniyar, idan gwangwani awa ashirin yake yi toh ashirin ne har ƙarshe. Sai ka bi duk wuraren da ka bayyana jini da hanji ka rage rabi, ka bar mafi muni guda biyu ko uku a inda suka fi ciwo. Wuraren da baƙin suka yi dogon jawabi suna bayyana muguntarsu kuma ka goge su gaba ɗaya, ka mayar da jawabin ya zama takardar lissafi ko umarni mai kalma ɗaya. Daga nan ka ba mutum biyu su karanta babi uku na farko ba tare da ka yi musu bayanin komai ba, ka tambaye su waye ke cin riba da wasan kuma me ke hana bayin gudu, idan sun kasa amsawa ka koma mataki na biyu da na huɗu ka sake zama.